Ƙwallon da Bai Yi Wa Murna Ba

Suna fitowa ɗumama jiki ya lura allon rubuta sakamako har yanzu a karkace yake, kamar lokacin da yake matashi a wannan filin. Nan ya fara buga ƙwallon albashi, kafin ƙananan ƙungiyoyi su dinga miƙa shi hannu zuwa hannu. Yau kuma ya dawo cikin rigar baƙi. Abokan wasansa Ɗan Haya suke ce masa, wai ko ƙusa ba ya kafawa a bango.

Wannan ne wasan ƙarshe na kaka, da shi kuma kwantiraginsa zai ƙare. Shugaban ƙungiyarsu, wani dillalin siminti, ya biyo su da kansa don ya ga wanda zai riƙe. Da safe matarsa ta ce masa, ba tare da ta ɗago daga gugar da take yi ba, “Baban yara, ni fa na gaji da ɗaure kwanuka a kwali.”

Gwiwarsa ta fara zugi tun kafin hutun rabin lokaci, bai gaya wa kowa ba. Ana dab da tashi aka bugo kwana, ya zame wa mai tsaron baya, ya sa kai. Raga ta motsa.

Yaran ƙungiyarsu suka rugo za su hau shi, ya dakatar da su. Ya juya wajen magoya bayan masu gida, ya ɗaga tafukansa biyu, kai a sunkuye. Haka 'yan ƙwallo suke yi: ba a murnar cin gidan da ya raine ka. Sai ledar ruwa ta fashe a kafaɗarsa, wani daga sama yana tambayar uban wa wannan tsohon yake yi wa iyayi.

A ɗakin canza kaya shugaba bai ko zauna ba. Koci ya yi ta bayani cewa girmamawa ce kawai, ko manyan 'yan wasa na talabijin suna yi.

“Ni ina can ina tsalle kamar yaro, shi yana ba su haƙuri,” in ji shugaba. “Tunda zuciyarsa tana wajensu, ya bi ta.”

Ba wanda ya ɗago. Mai tsaron ragarsu, da ya fi kowa tsokanarsa, ya duƙufa kwance igiyar takalmin da ya riga ya kwance.

Ɗan Haya ya yi wanka, ya saɓa jakarsa, ya tsallaka zuwa ofishin masu gida. Ai sun ga kan da ya sa, sun kuma ga karar da ya yi musu, ƙila su ɗauke shi. Sakataren ƙungiyar na nan a kujerarsa, mutumin da ya fara miƙa masa riga mai lamba tara, sai dai furfura ta cinye shi. Ya karɓe shi da fara'a, ya yaba ƙwallon, ya ce matasansu ba su iya tsalle haka ba.

“Amma ɗan'uwa, hannun nan da ka ɗaga mana, na mene ne? Ka taɓa buga mana ne?”

A waje motar ƙungiyarsu tana ta danna hon. Ɗan Haya ya gyara zaman jakar a kafaɗa, ya ja wa sakataren ƙofa a hankali, ya bi sahun 'yan kallo masu tafiya gida.