Totur da Babban Yatsa

"Ba zan bayar ba," in ji Yaya. Ta damƙe makullin motar, ta mai da hannun bayanta kamar ƙaramar yarinya.

"Ke, a gidan wa kike?" Baba ya ce.

"A gidanka. Shi ya sa nake so gobe ma in zo in same ka a ciki."

"Takalmanki ne suka jawo. Tun ba a haife ki ba nake tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba. Kin zo kin cusa min ƙafa a buhu, wai likita ya ce."

"Likitan ya ce, Baba. Ba ni na ce ba."

"To likitan ya zo ya kai burodin."

Ina zaune a hannun kujera, ina goge baƙin mai daga yatsuna da tsumma. Umma na kicin tana buga tukwane fiye da yadda girkin ke buƙata.

Motar a-kori-kura ce, ta girme ni. Da ita Baba ke ɗauko burodi kowace safiya yana rarraba wa masu shaguna. Tun da na gama sakandare ban sami abin yi ba, sai na zama mai zama a gefensa, ina sauke kaya. Totur ɗinta kuwa, ƙarfen da ake takawa a ba ta wuta, tun ina firamare yake maƙalewa. In an taka shi sosai sai ya ƙi dawowa, injin ya yi ta ihu. Baba bai taɓa kiran wannan lalacewa ba, hali yake ce masa. Da ya shiga mota sai ya tuɓe silifas ya tura su ƙarƙashin kujera. In totur ya maƙale, ya zura babban yatsa ta ƙasa ya ɗago shi. Ko kallo ba ya yi, hirarsa ma ba ta yankewa.

Sai ciwon suga ya zo. Yaya tana aiki a kemis, ta ga ƙafafun da suga ya ci. Ta saya masa takalmi sau-ciki mai laushi, ta sa shi ya yi alkawari ba zai ƙara cire shi da rana ba, ko a cikin mota.

Yanzu ta juyo kaina. "Auta, kai kana ciki. Me ya faru?"

"Totur ya maƙale."

"Wannan duk unguwa ta sani. Sai me?"

"Sai muka tsaya."

"Kin ji ko," in ji Baba. "Sai muka tsaya."

Ga abin da ya faru. Da safen nan muna gangarowa daga gada zuwa shataletalen gaban kasuwa. Baba ya taka don ya wuce wata tirela kafin hanya ta matse. Ya wuce ta, ya ɗaga ƙafa, motar ba ta ji ba. Na ji yana zungurar ƙasan totur, hancin takalmin ya ƙi shiga.

"Taka kuloci, Baba!"

Bai taka ba. Ƙafar hagun tana can tana tuɓe wa ta dama takalmi. Takalmin ya fita. Ya ce, "Na kama shi. Yanzu zai taso."

Bai taso ba. Ina hango masu babura a bakin shataletale, da wata mata mai tura keken yara. Na doki sandar giya da tafin hannu har ta fice daga giya zuwa firi. Injin ya ƙara ƙara kamar zai tsage bonet, amma motar ta daina ja. Baba ya kai hannu ga makulli, na buge hannun, don in ya murɗa shi duka sitiyari zai kulle. Ban taɓa buge hannun ubana ba. Ya danne birki da ƙafar hagu, ni kuma na cusa kai ƙarƙashin dashbod.

Ƙafarsa tana kan totur ɗin. Ba ƙarƙashinsa ba, a kai. Babban yatsan ya lanƙwashe yana ta ƙoƙarin ɗago iska, dunduniyar da sauran ƙafar suna ƙara danna ƙarfen ƙasa. Na kama idon sawunsa na ɗaga, na sa ɗaya hannun na fizgo totur ɗin. Ya taso da wani ɗan sauti, ƙas. Motar ta hau dakalin gefen titi ta tsaya a gaban tarin tayoyin mai faci. Burodi ya watse a baya, wasu a ƙasa.

Baba na huci. Ya kalli titi ya ce, "Ka gani? Da na cire takalmin ya taso."

A lokacin hannuna na nan zagaye da idon sawunsa, na matse shi har yatsuna sun yi ciwo. Bai sani ba. Na saki a hankali na fita kwasar burodi.

Wannan ne ban faɗa a falo ba. Ban san ta ina ake fara faɗar irinsa ba, a gaban mutumin.

Umma ta leƙo da ludayi a hannu. "Ku kai ta gareji a gyara, kowa ya huta. Kunnuwana sun gaji."

"In an gyara totur ɗin zan ba ka," in ji Yaya. "Na yarda. Amma sai an gyara."

"Sifana makanike zai ɓata min ita."

"Ai a ɓace take, Baba."

Ta miƙo min makullin, ba shi ba. Baba ya kalli bango.

Garejin Sifana fili ne a bayan gidan mai, ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Sunan ya bi shi ne don kullum da sifana a aljihun baya, ko gidan suna ya je. Yana kwance ƙarƙashin wata bas da na shigo, ya gane motar da sautinta.

"Kai! Wa ya mutu?" ya ce, yana jan jiki yana fitowa. "Tsoho ya bar motarsa ta zo gareji da ƙafarta?"

"Totur."

"Totur! Yau ga ranar. Na gaya wa ubanka tun gashina na baƙi, ya ce yatsansa ya fi sifanata aiki. Buɗe min bonet, ɗan gado."

Ya bi wayar totur da hannu tun daga kafireto har inda ta shige cikin mota. Ya zaro ta ya ɗaga min. Ta yi tsatsa, silinta sun warware suna tsaye kamar gashin buroshi. Sifirin da ke dawo da totur kuma ya miƙe, ba sauran ƙarfi a jikinsa.

"Dubi nan. Wannan ba waya ba ce, tsintsiya ce. In ta shiga bututunta sai ta kama, ta ƙi fita. Da me kuka tsayar da ita yau?"

"Firi. Sai birki."

"Ba ku kashe ba?"

"Sai da ta tsaya."

"Wa ya koya maka?"

"Shi."

"To ya yi abu ɗaya daidai a rayuwarsa," in ji Sifana, ya yi dariya shi kaɗai.

Na zauna a kan wani tsohon injin ina kallonsa. Rana ta dake ni. Na tuna abokin Baba da suka yi tuƙin manyan motoci tare, wanda 'ya'yansa suka karɓe wa makulli bara. Yanzu yana zaune a benci a ƙofar gidansa daga safe har yamma, in mun wuce ya ɗaga hannu. Baba ba ya son bin layin. Na kuma tuna cewa in Baba ya sauka daga kujerar nan, ni zan hau. Burodi, shaguna, gada, shataletale, har gashina ya yi irin na Sifana. Ban san wanne daga cikin biyun ya fi damuna ba.

Ya sa sabuwar waya, ya sa sabon sifirin, ya shafa giris a gindin totur. Ya zauna a kujerar direba ya taɓa shi da gefen silifas. Injin ya zabura nan take, ya sauka nan take.

"Ka ji? Kamar sabuwa. Da can sai ka tsaya a kansa da duk nauyinka kafin ta motsa. Yanzu ko ƙuda ya sauka a kai za ta tashi." Ya fito yana goge hannu a wando. "Ka gaya wa tsoho ya sassauta ƙafa. Ya riƙa jin ta a tafin sawunsa, a hankali, kamar yana taka ƙwai. In ya yi mata irin takun da ya saba, sai dai ku tsince shi a cikin shagon mutane."

"In mutum ba ya jin ta fa?"

"Ba ya jin me?"

"Ba komai."

"Kai dai kullum kamar wanda aka yi wa mutuwa. Gaishe shi. Ka ce ya ajiye yatsan nan ya huta, ya yi ritaya."

A hanyar gida motar ta zame min baƙuwa. Ina ɗan motsa yatsa sai ta yi tsalle. A danja na kusa shiga bayan wata tasi, ni da nake jin ƙafata sarai. Na bi ta ƙananan layuka a giya ta biyu. Da can taurin totur ɗin ne ke riƙe ƙafar Baba, ashe. Yanzu mun cire shi, da hannunmu, kuma kowa a gida zai ce an huta.

Na same su a ƙofar gida. Baba ya fito da kujerar roba yana jira. Ya tuɓe takalman ya jera su a gefe, ƙafafunsa a kan siminti. Yaya na tsaye da jaka a kafaɗa, mijinta ya kira ta har ta gaji da ɗauka. Ta ga takalman ta yi kamar ba ta gani ba, ita ma ta gaji da faɗan.

Na kashe mota na fito. Baba ya gyara zama.

"Na ji ta tun daga kwana," ya ce. "Muryarta ta sake."

"Ya sa sabuwar waya."

"An gyara ko ba a gyara ba?" in ji Yaya.

"An gyara."

Ta sauke numfashi. "To alhamdu lillahi. Ba shi, in tafi gidana."

Ban motsa ba. Idona na kan ƙafarsa ta dama. A gefen babban yatsan akwai tsaga, inda bakin ƙarfen ya yanke shi da safe. Jinin ya bushe ya yi baƙi. Ƙudaje biyu na kai, suna yawo a bakin ciwon, shi kuwa ko yatsan bai karkaɗa ba. Yaya ta bi idona da nata. Na ga jakar ta zame daga kafaɗarta zuwa gwiwar hannu, ba ta gyara ba.

Baba ya miƙo tafin hannu. Ya kalle ni, ya kalle ta, ya sake kallona.

"An ce an gyara," ya ce. "To me kuke jira?"