Sunan Ɗan Fari

Atine ta jingina wayar da kwalbar zuma, ta danna ɗaukar murya, ta ce, "Bismillah, Inna."

Atine likita ce a Doha, ta kawo mahaifiyarta gidanta na unguwar Mesaimeer don a duba ta, saboda mantuwa ta fara yi wa tsohuwar sata. Abokiyar aikinta Jemimah ce ta nuna mata yadda gidajen tarihin Yahudawa ke adana muryoyin waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangi, tsofaffi na kiran mamatansu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu wata ƙaramar cibiya a gida na neman irin wannan shaidar kan rikicin da ya cinye unguwarsu tun Atine tana goye. Sharaɗinsu guda ne: wanda ya gani da idonsa, shi zai faɗi suna da bakinsa.

Mantuwa ba ta taɓa ranar rikicin ba. Inna ta kira sunan mai shayi, ta kira tela da 'ya'yansa, har maƙwabciyar da ba sa ga-maciji ta samu addu'a. Da ta zo kan ɗanta na fari sai ta ce, "Sai yaron nan. Ya koma ya kwance akuya."

"Wane yaro, Inna?"

"Kin san shi."

"Ni na sani. Su ba su sani ba."

"To ki gaya musu. Don na hau jirgi sai na kama sunan ɗan fari? Ban bar kunyata a Kano ba."

Atine ba ta san fuskar yayanta ba, wuta ta cinye hotuna. Sunansa ma a bakin dangi ta tsince shi. Cibiyar hujja ce kawai, ita ce ke kewar mutumin da ba ta sani ba, tana so ta ji shi ɗan wata ne kafin mantuwa ta kai gare shi.

"Inna, in kika manta fa?"

Tsohuwar ta juya ta kalli taga, inda rana ke dukan motoci.

"Kashe abin nan."

Atine ta kashe.

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar a gaban suruki. "Mas'udu," ta ce a hankali. Ta saurara, kamar za a amsa daga tsakar gida. "Mas'udu, bar akuyar."

Wayar na nan kusa da hannun Atine. Ba ta taɓa ta ba.