Hantsar Wandon Baba

Tela ya durƙusa gaban gadon mahaifinsa, tef a wuya, ya rasa ta inda zai fara. Ya auna mutane iri-iri a shago, masu tumbi da ramammu, amma bai taɓa kai hannu jikin Baba ba.

Tun da aka sallamo tsohon daga asibiti da robar fitsari, zane yake ɗaurawa. Babu wandonsa da ke ɓoye jakar fitsarin. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar shanu, wanda muryarsa kaɗai ke tsayar da bijimi, yanzu ko ƙofar gida ya ƙi leƙawa. Abokansa su yi sallama, ya sa a ce barci yake. Inna ce ta je shago da kanta ta ce wa Tela ya san dabarar da zai yi, zaman ɗakin nan zai kashe ubansa kafin cutar.

Baba ya dafa bango ya miƙe. Tela ya zagaya tef a ƙugu, sai ya ji ƙashi tsura. Ya auna cinya, ya auna tsawo, idonsa a ƙasa. Jakar na rataye gefen gwiwa, ta kusa rabi, da ɗuminta. Cikin ƙaramar murya ya yi bayani cewa zai sauke hantsar sosai, ya ɗinka aljihu ta ciki inda jakar za ta zauna.

Baba ya yi wata busasshiyar dariya.

"Hantsa. Ka san inda ku teloli kuka samo kalmar nan?"

Tela ya ce bai sani ba, haka ya ji maigidansa na faɗa.

"A wurinmu kuka ara. Hantsar saniya, inda nono ke taruwa tsakanin ƙafafunta. Wandon mutanen da haka tsakiyarsa ke reto, shi ya sa." Ya dubi jakar. "Ta saniya dai abin da take tarawa ana sha."

Inna da ke bakin ƙofa ta juya ta fita.

A shago Tela ya ture ɗinkin mutane gefe. Ya yanka yadi mai kauri, mai duhu, wanda ko ya jiƙe ba zai nuna ba. Aljihun farko ya matse, ya farke shi. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo, ya ga faɗin wandon, ya tambaya ko mutum biyu ne za su shiga. Tela bai ɗago kai ba, mutumin ya ja jiki.

Da la'asar ya kawo wandon. Shi ya zura wa Baba ƙafafu, ya saka jakar a mazauninta, ya ɗaure zariya. Tsohon ya taka zuwa taga ya dawo, ya shafa cinyarsa. Babu abin da ya fito. Ya ce a ba shi hularsa.

Daɗi ya kama Tela, ya ce gobe zai ɗinka wasu biyu, na canji.

"Bar shi. Ɗaya ya isa."

Ya fara cewa ai saboda wanki, Baba ya katse shi.

"Na ga fuskarka ranar da likita ya ja ka waje. Na yi shekaru ina duban dabbar da ba za ta tashi ba. Kada dai ka gaya wa uwarka."

Tela ya tsaya da zanen da ya cire masa a hannu. Abin da likita ya ce, cutar ta bazu, bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa.

Baba ya gyara hula, ya ƙi a riƙe shi. A hankali ya bi bango har ƙofar gida. Daga tsakar gida Inna ta jiyo muryarsa yana yi wa abokansa tsiya, ta dubi ɗanta fuska a sake, tana sa masa albarka.

Tela ya ce amin, ya shiga ninke zanen.