Butar Saje Mika

Kofur Haggai ya dawo Zuru daga Laberiya a damunar 2004 da jaka biyu, da sabon rediyo, da wandon da sai da ya ƙara huda bel kafin ya zauna masa a ƙugu. Duk wanda ya gan shi sai ya girgiza kai ya ce yaƙi ba wasa ba ne. Shi kuwa ya san abin da ya zuƙe shi, kuma akwai mutum ɗaya da bai so ya ji ko a mafarki: ubansa, Saje Mika.

Saje Mika tsohon soja ne, ya je Kwango, ya je Labanan. Maganarsa kaɗan ce, yabonsa kuwa ba wanda ya taɓa jin ɗanɗanonsa. Tun Haggai yana ƙarami abin da yake ji a bakinsa shi ne, "Yaron ga bai ɗauko ni ba ko a farce. Dangin uwarshi ne." A bangon ɗakin tsohon akwai lambobinsa na soja, kusa da su an rataye wata tsohuwar butar ƙarfe da ta lotse a gefe. Ba mai ƙarfin halin tambaya, don haka yaran gidan suka yanke wa kansu cewa harsashi ne ya lotsa ta. Don ya ji kalma ɗaya mai daɗi daga bakin wannan mutum Haggai ya shiga soja.

To, ga yadda jarumtar ta kasance. Suna sauka Laberiya, tun bai gane gabas da yamma ba, cikinsa ya fara kaɗa ganga. Tukunya ɗaya suke ci da abokinsa Dominic, mutumin Manga, famfo ɗaya suke sha. Dominic har kifin bakin titi yake ci ya lashe yatsa, ko gyatsa ba ta dame shi. Haggai kuwa zawo ya ce salamu alaikum, ya shimfiɗa tabarma. In ya lafa aka canja musu gari, sai ya dawo sabo fil. Hanyar da ya fi sani a ƙasar nan kaf ita ce wadda ta tashi daga tanti zuwa bayan gida, yana iya bin ta ido rufe. Ba a jima ba sunansa ya koma Kofur Buta, har hafsoshi da shi suke kiransa.

Likitan sansani ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ƙwayoyin cutar suna cikin ruwa da abincin baƙon wuri, kowa yana haɗiyarsu, amma akwai mutanen da hanjinsu ya fi saurin buɗe musu ƙofa, kuma sau da yawa abin a jini yake, gado ne. Haggai ya yi tsaki a ransa. Wasu su gaji gona, wasu su gaji shanu, shi ga nasa rabon. Nan take ya ɗora laifin a kan dangin uwarsa na Bena, bayin Allah da ba su san ana yi ba.

A unguwarsu, in soja ya dawo, bayan an yi godiya a coci, tsofaffin sojoji kan zauna ƙarƙashin mangwaro su sa shi a tsakiya ya ba da labari, wanda suka je tare ya shaida. Tun a mota Haggai ya ba Dominic rediyon nan a kan ya kama bakinsa. Abin da bai lissafa ba shi ne burkutu.

Ranar zaman, Haggai ya fara kenan, yana kwatanta yadda suka tsare wata gada, sai Dominic ya ajiye ƙwarya ta biyu ya ce, "Gada? Mu munka tsare gada. Kofur Buta dai ya tsare bayan gida, kuma ba ɗan tawayen da ya ƙwace shi!"

Wuri ya kece da dariya. Baba Japhet, abokin Saje tun Kwango, har da riƙe haƙarƙari. Haggai ya ji kunya kamar ya nutse. Ya yi yaƙe, ya ce ai shi ma wuri ne, dole wani ya tsare shi, amma idonsa yana kan ubansa. Tsohon bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Mi likita ya ce?" in ji Saje Mika.

"Ya ce gado ne, Baba." Haggai ya sunkuyar da kai. "Halan wajen su Mama ne."

Uwarsa Saloma tana zuba wa baƙi kunu. Sai ta saki ludayi cikin ƙwarya.

"Wajen su wa? Mutanen Bena ko ruwan kududdufi sunka sha, lafiya lau suke kwana. A bar dangina su huta haka nan! A tambayi Saje wa ya rage mishi wanduna da ya dawo daga Labanan."

Baba Japhet ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi iya ƙoƙarinsa, abin ya fi ƙarfinsa. "Mika, ka yi haƙuri," ya ce yana share hawaye. "Butar nan, a gabana ta lotse. Gudu yake da ita zuwa bayan gida a Kwango, ya yi tuntuɓe da igiyar tanti. Kuma bai kai ba!"

Saje Mika ya miƙe ya shige ɗaki. Dariyar da ta taso ta mutu a maƙogwaron kowa. Haggai ya je ƙasar waje bai kawo wa tsohon nan komai ba, ga shi kuma ta dalilinsa an tona shi a gaban abokansa. Ya tabbata daga yau ko gaisuwarsa ba za a amsa ba.

Sai ga tsohon ya fito da butar a hannu, yana goge mata ƙura da gefen rigarsa. Ya tsaya a kan Haggai ya daɗe yana kallonsa, tun daga kumatun da suka zurma har zuwa sabon hujin bel, kamar yau ya fara ganinsa.

"Na ji an ce Sudan za a tura ku," ya ce. "Riƙe. Ka dafa ruwa kafin ka sha, kada ka bi wanga sakarai cin kifi." Sannan ya juya wajen tsofaffin. "Ku bar dariya. Yaron ga nawa ne. Ni ya ɗauko."

Haggai ya karɓa hannu biyu. Ya sha yin mafarkin ranar nan, kullum da lambar yabo a ƙirji yake ganin kansa. Ga shi ta zo da buta. Ya so ya yi wa kansa dariya, amma daɗin da ya ji ya riga ta, sai ya rungume butar yana kuka a gaban kowa.