Famfara

Kowace uwa murna take yi idan ɗanta ya fara famfara, ban da telar nan mai shago a ƙasan bene. Ranar da ɗanta, wanda take kira Sarkin Surutu, ya wangale baki ya nuna mata haƙorin gaba yana girgiɗa, ko murmushi ba ta yi ba.

Jinin yaron ba ya tsayawa. Likita ya ce ƙwayoyin da ke toshe rauni ne suka yi masa kaɗan, kuma ta wajenta ya gado. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ƙanenta haɓo kawai ya yi suna yara, ana ta sauya tsumma har rai ya yi halinsa.

Shi ya sa take lallaɓa yaron kamar ƙwai. Gefen tebur ta naɗe shi da ƙyallaye, almakashi da allurai suna cikin akwati mai kwaɗo, ƙwallo kuwa sai dai ya kalla ta taga. Amma wa ya isa ya sa wa harshe kwaɗo?

"Ka daina tura haƙorin nan da harshe."

"Mama, shi yake zuwa da kansa."

A asibiti aka ce ta jira a samu jinin da za a ƙara masa, sannan a cire haƙorin a gaban likitoci. Ta koma tana ba shi ayaba da jiƙaƙƙen burodi, tana leƙa bakinsa har ta gundure shi. Tsoro ya hana ta sakat.

Zare ne kaɗai bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta fito daga banɗaki ta tarar ya ciro na kan keken ɗinki, ya ɗaure haƙorin, ɗaya bakin kuma a hannun ƙofa.

"Kar ka motsa!"

Ya tsaya cak. Ta tsinke zaren da haƙoranta.

"Na ga kin daina dariya saboda shi," in ji shi, "shi ne zan cire miki."

Da ranar ta zo aka ƙara masa jini, aka cire, aka danne da auduga har jinin ya haƙura. A motar haya ta jingina kai, ta sauke ajiyar zuciya. Sai ya taɓo ta, auduga cike da baki.

"Mama, albishirinki. Na kusa da shi ma ya fara motsi."