Ganga a Bayan Tirela

Ina cikin duba takardun jarrabawar ɗalibaina wayar ta shigo.

"Tsinke! Ajiye abin da kake yi. Za su rushe ɗakin kiɗa, har sun fara watso kaya waje!"

Mutum ɗaya ya rage a duniya mai kirana Tsinke, kuma har yau in yana waya sai ka ce da na hayin kogi yake magana.

"Tirela, rage murya mana."

"Me ka ce?"

"Na ce ga ni nan zuwa!"

Ina aji biyu na sakandare na fara saninsa, sanin da ban roƙa ba. Ni siriri ne, iska mai ƙarfi sai na riƙe bango. Shi kuwa yana gaba da mu, ƙato, in ya taho a baranda sai dai a dare masa. Bayan tankin ruwa akwai wani lungu, nan yake tsare mutane shi da 'yan korensa. Ba abincinka yake so ba. Laifinka kawai ka yi magana ƙasa-ƙasa kusa da shi, ko ka yi dariya.

"Me ka ce? Da ni kake?"

Kafin ka haɗa amsa ya caƙumi wuyan rigarka. Ni kuma Allah ya yi ni da ƙaramar murya, sai na zama abokin cinikinsa na kullum.

Umma tela ce. Ta ɗinke aljihu, ta ɗinke kafaɗa, ta yi ta mayar da maɓallai har suka zama kowanne da kalarsa. Wata rana ta tsayar da keken ɗinki ta dube ni.

"Umma, ƙusa ce ta kama ni."

"Ƙusa mai yatsu biyar? Ka ji ni da kyau. Yau riga ce, gobe haƙarƙarinka ne, shi kuma ba ni da zarensa. Ka sake shigo min da riga a yage, ka gama makarantar nan. Kawunka yana neman mai wanke masa sufana a gareji."

Umma ba ta faɗa ta sake. Ni kuwa duk da Tirela, ina son makarantar nan kamar raina. Sai na shiga ɓuya duk lokacin shan iska.

Maɓoyata ɗakin kiɗa ne, can ƙarshen baranda. Har yanzu ina jin warinsa: tsohon katako da man goge ƙaho. Ƙahonin tagulla duk sun lotsa, ga fiyano mai haƙora rawaya, ɗaya daga ciki ya daina kuka. A bayan kabad malamar kiɗa ta kama ni, wata gajeriyar mata mai tabarau a igiya. Anti muke ce mata.

"Ɗakina ba ramin ɓuya ba ne. Wanda ya shigo, kiɗa zai yi."

Ta tafa wani salo, na maimaita. Ta ƙaro mai wuya, na maimaita.

"Ashe da kunne a jikin tsinken. Gobe ka dawo."

Na dawo, na tarar da Tirela tsaye a tsakiyar ɗakin yana huci. Ya fasa wa wani leɓe, shugaban makaranta ya ba shi gargaɗin ƙarshe: ya ƙara taɓa wani, kora. Maimakon a ba shi yankan ciyawa, Anti ta ce a ba ta shi.

Babbar gangar makarantarmu ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗaya ne ke goya ta a baya, ɗaya ya bi shi yana duka ta gefe da gefe. Anti ta nuna Tirela.

"Kai za ka goya." Ta miƙo min makaɗai biyu, sanduna masu dunƙulallen kai. "Kai za ka buga."

"Anti, ni ne jakin wannan abin?"

"Jaki ba ya musu. Juya."

Sai ga ni da sanda a kowane hannu, ga ƙeyar Tirela a gabana tana sheƙi. Ya ɗan waiwayo.

"Ka kuskura ka taɓa min kunne, sai an tsince ka da cokali."

Dokar Anti ɗaya ce. In ya yi sauri na rasa ganga, in ya yi nawa na ci karo da ita, kuma ko wa ya kuskure, mu biyun za mu koma farkon fili. "Ba na neman mai laifi," in ji ta. "Ganga ɗaya ce." Mun yi ta komawa farkon filin nan har ciyawar wurin ta mutu.

Tafiya ta daidaita, amma tsayawa ta gagara. Anti za ta busa usur, kowa ya tsaya cak, Tirela ya yi gaba da ganga shi kaɗai. 'Yan ƙaho su tuntsire da dariya. "Tirela ba birki!" Ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi.

Wata rana na matsa ta hagunsa na ce da ƙarfi, "Tsaya!" Ko gezau. Na koma ta dama na faɗa, ya tsaya. Sai na gane. Kunnensa na hagu ba ya aiki, na daman ma rabi ne. Ashe duk "me ka ce?" ɗin nan tambaya ce ta gaskiya, ba wanda ya taɓa tsayawa ya amsa masa.

Na dubi Anti. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka gani ko? To rufe bakinka, ka sa hannunka aiki."

Da aka sake busa usur, na ƙwanƙwasa katakon gangar sau biyu da gindin sanda. Ya ji a bayansa. Ya tsaya cak tare da kowa. Dariyar da aka tanada ta rasa wurin fita.

Bayan an tashi ya tare ni a ƙofa. Na riƙe wuyan rigata.

"Wa ya gaya maka?"

Na zagaya ta damansa. "Ba kowa. Kuma ba wanda zan gaya wa."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, kamar mai jin kunya, "Kiɗan nan a ƙashin bayana nake jin sa. Duka nake ji, ba rabi ba."

Daga ranar ya daina zuwa lungun tanki. Abin bai yi wa mataimakinsa daɗi ba, wani mai kaifin baki da ake kira Ɓera.

Ranar ba da kyaututtuka iyaye suka cika fili. Umma ta goge min riga har tana ɗaukar ido, ta zauna a layin gaba. Ana dab da fara fareti na ruga shan ruwa. Ɓera da mutanensa suka rufe lungun. Ban ma ji me ya ce ba. Kyaaat! Rigata ta yage tun daga wuya har ƙugu.

Na tsaya riƙe da tsumma, ina jin warin baƙin man garejin Kawu a hancina.

Sai ga Tirela ya shigo nemana, ganga a bayansa.

"Oga, mun gyara maka makaɗinka," in ji Ɓera yana washe baki.

Tirela ya dubi rigar. Ya damƙi Ɓera da hannu ɗaya ya ɗaga ɗayan. In hannun nan ya sauka, an kore shi. Ihu ba zai yi amfani ba, ina ta hagunsa. Na daka tsalle na ƙwanƙwasa katakon gangar sau biyu.

Ya tsaya cak. Hannun ya sauko a hankali. Ɓera ya zame ya arce, sauran suka bi shi.

Tirela ya sauke ganga, ya tuɓe rigarsa ya jefo min. "Saka. Anti na jira."

Haka muka fita, shi da singileti, ni da riga har gwiwa. Shugaban makaranta ya haɗe rai. Anti ta dube mu sama da ƙasa, ta sa usur a baki. Ban taɓa kiɗa irin na ranar ba.

Ana tashi Umma ta kamo hannun rigar ta juya shi.

"Wannan ba ɗinkina ba ne. Ina taka?"

Tirela ne ya miƙa mata ita, ya durƙusa.

"Umma, ta yau ba ni ba ne. Amma na baya duk ni ne. Don Allah kar ki cire shi. In ya tafi ba mai taka min birki."

Umma ta dubi tsumman, ta dubi ƙaton da ke durƙushe, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce, Umma?"

"Ta dama, Umma," na ce. "Da ƙarfi."

Ta sunkuya daidai kunnensa. "Na ce gobe ka zo shago in auna ka! Wannan rigar taka kuma zan rage wa ɗana, ta kai shi ƙarshen shekara!"

Ta kai ni har shekara ta gaba.

Da na isa makarantar bayan wayar Tirela, an riga an yaye rufin ɗakin kiɗa. Anti ta daɗe da rasuwa. Fiyano na kwance a rana, ƙahoni a tare kamar tarkacen gwangwani. Tirela na tsaye kusa da babbar motar da yake tuƙawa, furfura ta cinye masa kai, ga na'urar ji a kunne wadda ba ya tunawa ya kunna. Ya riga ya roƙi gangar an ba shi. Fatarta ta tsage gefe ɗaya.

"Ka yi ƙiba, Tsinke."

"Kai kuma ka tsufa."

"Me ka ce?"

Ya juya min baya. Na ɗora masa ita, na ɗaure madaurin. Makaɗan sun ɓace, sai na sa tafin hannu. Muka ratsa fili, leburori suka ajiye shebur suna kallon dattawa biyu. A bakin ƙofa wani babur ya taho a guje ta hagu.

Na ƙwanƙwasa sau biyu.