Takunkumin Don Macario

Don Macario bai gama lashe cokali ba Doña Casilda ta ƙara masa wake a kan shinkafar. Tun da mijinta Nemesio ya rasu, duk Asabar a teburinta yake cin abincin rana, kuma bai taɓa shigowa da ko lemo ɗaya a hannu ba.

"Yau ne zaman naku ko?" ta tambaye shi.

"Yau ne, Doña."

Ƙungiyar besbol (wasan ƙwallo da sanda) ta Ƙaguwa, abin alfaharin garin Puerto Salado, ta cika shekara ɗari, magajin gari ya ce a zana gwanayenta tara na duk tarihi a bangon filin wasa, kowane gurbi mutum ɗaya. Mutum uku aka ɗora wa zaɓen, Macario na cikinsu. Shi ne mai cafke wa ƙungiyar ƙwallo a zamanin da Nemesio ke jifa.

"Ba roƙo nake ba," in ji ta. "Amma ka san halin Lauya, shugaban kwamitin naku."

"Haba Doña! Ni da na ƙare ƙuruciyata a tsugune ina cafke jifan mutumin nan? Dubi nan." Ya ɗaga hannunsa na hagu, yatsun duk sun karkace kamar ɗanyar citta. "In ba a sa Nemesio a bangon nan ba, a yanke mini hannun nan."

Ta yi murmushi. "Ni har na kai wa Wilfrido mai zane wani hoto."

Bai tambayi wane hoto ba, don hankalinsa ba a kan Nemesio yake ba. Abin da ke cin Macario a rai fuskarsa ce. Mai cafka a bayan takunkumin ƙarfe yake rayuwa. Duk jaridar da ta taɓa buga hotonsa, raga ce da idanu biyu a can ciki. Kwanan baya a cikin motar haya wani saurayi ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin Macario mai cafka, har da cewa ai ya jima da mutuwa, giya ce ta kashe shi. Macario ya sauka tun kafin a kai unguwarsu don takaici. Yau kam sai garin nan ya ga fuskarsa, mai girman ƙofar shago, da gashin bakinsa na da.

A ofishin ƙungiya da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo aka zauna, a kan teburin wasan domino, don babu wani tebur. Lauya Belarmino, shugaban kwamiti, bai taɓa riƙe sandar bugu ba sai don ɗaukar hoto. Amma mahaifinsa, marigayi Anacleto, ya taɓa jefa wa Ƙaguwa ƙwallo, kuma abin da gari ke tunawa da shi kawai shi ne jifan da ya tsallake kowa ya fasa gilashin motar limamin coci. Na ukunsu Quirino ne mai sharhi a rediyo, wanda ko kofi zai nema sai ya yi ihu kamar an buga ƙwallo ta fice daga fili.

Gurbi bakwai sun tafi da sauƙi. Ai matattu ba su taɓa sakin ƙwallo ba. Duk wanda ya kwanta dama sai ka ji gudunsa ya ƙaru, bugunsa ya tsallake rafi. Da aka ambaci wani da ke raye, sai Quirino ya ce, "Wannan? Jiya na gan shi a kasuwa, ko ayaba ya kasa riƙewa." Aka wuce shi.

Saura mai jifa da mai cafka.

"Mai jifa babu magana," in ji Quirino. "Nemesio. Mai cafka kuwa Chucho."

"Wane Chucho?" Macario ya zabura. "Yaron da ya tsere Amurka tun bai iya ɗaure takalmi ba?"

"Amurkar ce ta kira shi, tsoho. Kai wa ya taɓa kiranka, ban da mai awon gwiwa?"

"Hular da yake aiko maka ce ke magana!"

"To ni na zaɓi Chucho. Kai fa?"

"Ni na zaɓi Macario."

Dokar kwamiti ba ta hana mutum zaɓen kansa ba, da yake Macario ne ya tsara ta. Ɗaya da ɗaya ke nan, aka juya ga Lauya. Lauya ya goge tabarau, ya ce kansa ya yi zafi, a sha iska tukuna. Ya ja Macario waje wurin mai kofi.

"Mutumina," ya ce da murya ƙasa, "gurbi biyu suka rage, mu ma mu biyu ne."

"Ban gane ba."

"Ka gane sarai. Babana ya yi wa ƙungiyar nan hidima."

"Lauya, babanka ko ƙofar coci aka ce ya jefa, sai ya sami ta maƙwabta."

"Shi ya sa nake buƙatarka. Kai ma ba don ni ba, Chucho ne a bango."

Macario ya kurɓi kofin, ya ƙona masa harshe. Ya tuna waken Doña Casilda. Sai kuma ya tuna saurayin motar haya. Ya shiga lallashin kansa: Nemesio kowa ya san shi, har layi aka sa wa sunansa, me bango zai ƙara wa mamaci? Kafin ya kai gindin kofin ya riga ya yarda cewa shi kansa Nemesio da yana nan haka zai ba shi shawara. Kai, ɗan Adam bai da kunya in yana son abu!

Suka koma ciki. Mai cafka: Macario, biyu da ɗaya. Mai jifa: Lauya ya ce Anacleto, Quirino ya ce Nemesio, sai ido ya koma kan Macario. Ya kafa wa 'ya'yan domino ido.

"Anacleto," ya ce.

Karon farko a tarihin garin, Quirino ya yi magana a hankali. "Maimaita."

"Ka ji ni."

"Na ji ka. Yanzun nan kuwa gari duka zai ji ka." Ya ɗauki hularsa ta Amurka ya nufi gidan rediyo.

Macario bai bari abin ya dame shi ba. Ya zaga bayan fili da sauri, gwiwa na ƙara, yana shafa gashin baki. Wilfrido na bisa tsani, fenti har a kunne. Ga jikkuna takwas a bango, kaya fes, fuska babu, ana jiran kwamiti. A ƙasa kuwa, a tsakiya, ga mai cafka a tsugune, an gama shi tsaf, fentin har ya bushe. Takunkumin ƙarfe ya rufe shi daga goshi zuwa haɓa.

"Wilfrido! Mene ne wannan?"

"Mai cafka ne, Don Macario. Shi na fara gamawa, tunda ba sai na jira ku ba. Duk wanda kuka zaɓa, shi ne."

"Ni aka zaɓa!"

"Madalla! Ka ga har ya yi kama da kai."

"Cire takunkumin."

"A'a fa. Magajin gari ya ce kowa a yanayin wasa. Wa ya taɓa ganin mai cafka a tsugune ba takunkumi? Yara ma sai su yi mini dariya."

"To sunana fa?"

"Wurin sunaye masu tallan giya sun karɓe." Wilfrido ya sauko yana goge hannu. "Kada ka damu, ai fuskarka na nan zuwa. Kun zaɓi Nemesio ko? Dubi abin da Doña Casilda ta kawo."

Ya zaro hoto daga aljihun rigarsa. Ranar da Ƙaguwa ta ɗauki kofi ce. Nemesio na dariya, gefensa Macario, ya jefar da takunkumi, ya rungumo shi da hannun hagu, gashin baki baƙi wuluk, haƙora duka a waje.

"Ta ce in zana ku tare yadda kuke, ko ta fasa bayarwa. Magajin gari ya yarda, har na bar muku wuri a sama, ka gani? Fuska biyu." Ya dubi Macario da kyau. "Kun dai zaɓi Nemesio?"

"Anacleto."

"Mai gilashin limami?" Wilfrido ya fashe da dariya, da ya ga ba wasa ba ne ya haɗiye ta. "To. Sai in cike wurin da gajimare. Tunda hanyarka ce, miƙa mata hotonta."

Hanyar ba ta da nisa, amma yau ta yi masa tsawo. Kowane kanti ya wuce muryar Quirino ce ke fita, yana jan sunan Anacleto kamar mai shelar gobara. Masu domino a bakin titi suka daina buga tebur suna kallonsa. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Don Macario, a gaida limami!" Yau dai kowa ya gane fuskarsa.

Doña Casilda na zaune a baranda, rediyo a cinya. Ta kashe shi da ta hango shi.

"Doña, abin ba yadda kika ji ba ne. Siyasar kwamiti..."

Ta miƙa hannu, ya ba ta hoton. Ta jima tana kallon hoton. Sannan ta shiga ciki, ya ji tana jan aljihun keken ɗinki. Ta fito da almakashi, ta zauna, ta raba hoton a tsanake, tana bin gefen kafaɗar mijinta. Ta miƙa masa rabinsa.

"Ga fuskarka. Sai ka nemi bango."

Ya duba. Fuskar na nan tana dariya, amma daga kafaɗa babu komai. Hannun hagun ya tafi da ɗaya rabin, yana rungume da wuyan Nemesio.

"Doña, hannuna..."

"Kai ka ce a yanke," ta ce, ta sake kunna rediyon.